ABINCI KO KAYAN ZAƘI? ABIN DA TARIHI YA NUNA WA MAI SON BUƊE RESHE

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta yi faɗuwar da kowa ya gani, mai ɗan abin hannu ya rasa inda zai ajiye kuɗinsa su zauna lafiya. A banki darajarsu na zagwanyewa, a fili kuma sai su kwanta. Shi ya sa yanzu duk majalisar da ka zauna sai ka ji ana zancen buɗe reshen wani gidan abinci ko wani shagon askirim da yogot da ya riga ya yi suna. Ka biya masu sunan, su ba ka tambarinsu da sirrin girkinsu, su koya wa yaranka aiki, kai kuma ka zuba jari ka riƙe shago. Turawa na kiran wannan tsari faranchayis. Ni dai a rubutun nan zan kira shi hayar suna, don abin da ake yi ke nan. Sunan ba naka ba ne, haya aka ba ka, ranar da wa'adi ya cika kuwa mai shi na iya karɓe abinsa.

Gardamar da ake yi ita ce wanne ya fi: gidan abinci ko shagon kayan zaƙi? Masu son abinci su ce ai yunwa kullum sai ta zo. Masu son zaƙi su ce jarin bai kai ba, wahala ba ta kai ba, ribar kofi ɗaya kuma ta fi ta faranti ɗaya. Duka suna da gaskiya. Amma wannan gardamar ba yau aka fara ta ba. Amurka, inda tsarin ya girma, ta shafe kusan shekara 100 tana gwada duka biyun, an samu waɗanda suka yi arziki, an samu waɗanda suka rasa gidajensu. Ina ganin kafin mutum ya sa hannu a takarda ya kamata ya san yadda ta kaya da waɗanda suka riga shi. Rubutun na da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni.

ZAƘI NE YA FARA BUƊE ƘOFA

Da yawa sun ɗauka McDonald's ne ya ƙirƙiro hayar suna a harkar ci da sha. Ba haka ba ne. Masu kayan sanyi da zaƙi sun riga shi da shekaru.

A 1919 wani mai suna Roy Allen ya fara sayar da wani lemon zaƙi a garin Lodi na jihar Kalifoniya. Shi ne ya zama A&W, kuma tun a shekarun 1920 suka fara bai wa mutane hayar sunan. A 1925 Howard Johnson ya karɓi wani ƙaramin kantin magani a Quincy ta jihar Massachusetts, ya lura cewa askirim ne ke kawo masa mutane, sai ya ƙara masa man shanu, ya yi ta ƙara kala har suka kai 28. A 1935 da ya so buɗe wani wuri kuma ba shi da kuɗi, sai ya bai wa wani mutum sunansa ya buɗe a garin Orleans, bisa sharaɗin zai riƙa sayen kaya daga wurinsa.

Sai Dairy Queen. A watan Agustan 1938 wani dattijo, John McCullough, da ɗansa suka shawo kan wani mai shago, Sherb Noble, ya gwada sayar da askirim mai laushi da suka haɗa. Aka ce kowa ya biya santi 10 ya sha iya cikinsa. Cikin awa biyu aka sayar da fiye da kofi 1,600. A 1940 suka buɗe shagon farko a Joliet ta jihar Illinois. A 1947 rassansu kusan 100 ne. A 1955 sun kai kusan 2,600. Ku lura da shekarar nan fa, 1955, don a ita ce Ray Kroc ya buɗe McDonald's ɗinsa na farko. Wato lokacin da gidan boga ke rarrafe, gidan askirim ya riga ya mamaye ƙasa.

Me ya sa zaƙi ya riga? Amsar ita ce dai abin da masu talla ke gaya mana yau. Shagon ƙarami ne, taga ɗaya ta isa. Inji ne ke yin aikin, ba kuku ba. Miji da mata da yaro ɗaya za su iya riƙe shi. Sojan da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu da ɗan kuɗin sallama zai iya shiga. Ba a buƙatar ka iya girki, ka dai iya danna inji da ƙirga canji. Wannan sauƙin gaskiya ne, har yau kuma yana nan.

SAI SANYI YA ZO

Abin da masu shagunan nan suka gano da wuri shi ne askirim na da kaka. A arewacin Amurka idan ƙanƙara ta fara sauka, ba mai tsayawa a taga ya sayi abu mai sanyi. Shaguna da dama sai su kulle na watanni, har yau ma akwai rassan Dairy Queen da ke rufewa lokacin sanyi. Amma kuɗin haya ba ya rufewa, bashin inji ma haka.

To me suka yi? Suka koma ga abinci. Wajen ƙarshen shekarun 1950 Dairy Queen ya fara sa boga da soyayyen dankali a rassansa ƙarƙashin sunan Brazier. Howard Johnson kuwa tun da wuri ya rikiɗe ya zama cikakken gidan abinci a bakin manyan tituna, har rassansa suka kai wajen 1,000. A&W ma ya ƙara abinci. Manya uku da suka fara da zaƙi, duka ukun sai da suka ɗora tukunya.

Labarin Kroc kansa ya fi kowanne bayyana wannan. Shi fa ba ɗan abinci ba ne. Dillalin injin kaɗa madara da askirim ne, kuma kasuwarsa ta fara ja da baya. A 1954 ya ji cewa wasu 'yan'uwa biyu, Dick da Mac McDonald, a San Bernardino suna amfani da injinsa har guda takwas a shago ɗaya. Ya ce bari ya je ya ga wane irin shago ne wannan. Da ya je sai ya tarar da layi, amma ba don madarar aka yi layin ba. Boga ce ta santi 15 da dankali, ana miƙo maka cikin ƙasa da minti ɗaya. Madarar rakiya take yi. Mutumin da ya shekara yana tallar injin zaƙi ya gane cewa yunwa ce ke kawo mutum ƙofa, zaƙi kuma ƙari ne a kan ciniki.

Har yau lissafin bai canja ba. A Amurka matsakaicin reshen McDonald's na yin cinikin sama da dala miliyan 3 a shekara. Matsakaicin reshen Baskin-Robbins, gidan askirim mai kala 31 da ya yi suna a duniya, bai kai ko kusa da haka ba. Sai dai shi na farkon jarinsa ya haura dala miliyan ɗaya nesa ba kusa ba, ga ma'aikata da yawa, na biyun kuma da 'yan dubban ɗaruruwa ake buɗe shi. Babban jari da babban ciniki a gefe guda, ƙaramin jari da ƙaramin ciniki a ɗaya gefen.

Idan a nan zancen ya tsaya, da sai mu ce mai kuɗi da yawa ya yi abinci, mai kaɗan ya yi zaƙi, a tashi. Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne dalilin rubutun nan.

DAGA INA MAI SUNAN YAKE CI?

Hanyoyi huɗu ne uwar kamfani ke samun kuɗi daga mai reshe. Kuɗin shiga da ka biya sau ɗaya. Kason da ake cira daga cinikinka duk wata. Ribar kayan da aka wajabta maka saye daga wurinsu. Sai kuɗin haya, idan su ne masu ginin. Wace hanya kamfani ya fi dogara da ita, wannan shi ke nuna ko abokin tafiyarka ne ko kai ne kasuwarsa.

Kroc ya shigo ya tarar da masu sayar da yanki guda ga mutum ɗaya su karɓi kuɗi mai kauri tun farko, da masu tilasta wa rassa sayen kaya a hannunsu. Shi sai ya ɗauki wata hanya. Kuɗin shiga dala 950, reshe ɗaya ga mutum ɗaya, sai kashi 1.9 cikin 100 na ciniki, a ciki ma kashi 0.5 na 'yan'uwan McDonald ne. Ya ƙi ya zama mai sayar wa rassansa nama da burodi don ya ci riba a kansu. Ma'ana, idan reshe bai yi ciniki ba, shi ma bai samu ba. Abin ya matse shi ƙwarai, har sai da wani abokin aikinsa, Harry Sonneborn, ya kawo dabarar kamfani ya riƙa mallakar fili ko ya kama haya, sannan ya bai wa mai reshe haya. Daga nan kuɗi suka fara shigowa, har a 1961 Kroc ya sayi sunan gaba ɗaya daga 'yan'uwan a kan dala miliyan 2.7. Ba wai waliyyi ba ne, kuɗin hayar McDonald's ba wasa ba ne. Amma shi ma galibi a jikin ciniki yake, don haka kamfani na da dalilin son shagonka ya rayu.

Kanal Sanders na KFC ma haka ya faro. A 1952 ya bai wa Pete Harman na birnin Salt Lake sirrin kazarsa, yana karɓar 'yan santi a kan kowace kaza da aka sayar. An sayar, ya samu. Ba a sayar ba, babu.

Yanzu mu duba ɗaya hanyar. Tom Carvel, ɗan asalin Girka, ya fara bayar da hayar sunan askirim ɗinsa a 1947, kuma dole mai reshe ya sayi haɗin a wurinsa. Masu rassa suka kai shi kotu a shekarun 1960, ya yi nasara. Bayan an sayar da kamfanin, a shekarun 1990 sababbin masu shi suka fara kai kayan Carvel manyan kantuna, wato abin da kake sayarwa a shagonka ga shi can a firizar kantin da ke bayanka. Aka sake komawa kotu. Kamfani bai yi asara ba, don ko ta ina aka saya shi ya sayar. Mai reshe ne ya ji a jikinsa.

Krispy Kreme, gidan donat da aka kafa a 1937, ya shiga kasuwar hannun jari a 2000, Amurkawa suka yi ta rububinsa. A 2003 hannun jarinsa ya kusa dala 50. Amma wani babban ɓangare na kuɗinsa daga sayar wa rassa garin haɗi da injuna yake fitowa. Duk sabon reshe riba ce gare shi tun kafin a sayar da donat ɗaya, don haka aka yi ta buɗewa, ana kuma zuba donat ɗin a gidajen mai da kantuna har ya gundiri mutane. Zuwa 2005 hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 10, shugaban kamfanin ya sauka, manyan masu rassa a Kanada da Filadelfiya suka bayyana karyewa.

Cold Stone Creamery, wanda muke gani yau a Legas da Abuja, an kafa shi a 1988 a Tempe ta jihar Arizona. Ya yi gudu har rassansa a Amurka suka kai wajen 1,400. A 2008 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin masu rassa da ke kukan tsadar kaya da haya da kusancin shaguna da juna, da yawansu kuma suka rufe ko suka sa shagon a kasuwa. Sai TCBY na yogot mai sanyi, wanda ya kai rassa kusan 1,800 a farkon shekarun 2000, bayan shekara goma ba su kai 500 ba. Shi wannan yayi ne ya wuce da shi. Kayan ƙwalam da maƙulashe haka suke, yau kowa na so, gobe an ga wani sabo.

Kada wani ya ce to ai shi ke nan, zaƙi ne matsalar. Mafi munin labarin ma a gidan abinci ya faru. Quiznos, mai sayar da sanwic, ya kai rassa kusan 4,700 a Amurka a 2007. Ya wajabta wa rassa sayen nama da burodi da sauran kaya ta hannun wani kamfaninsa, a farashin da masu rassan suka ce ya fi na kasuwa, sannan ya riƙa raba takardun rangwame waɗanda mai reshe ne ke ɗaukar nauyinsu. Suka haɗu suka yi ƙara, aka sasanta a kan dala miliyan 206. A 2014 kamfanin ya bayyana karyewa, yau rassansa a Amurka ba su kai 200 ba. Dubban iyalai ne suka zuba abin da suka tara. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, sai dai a wannan karon har gardin ma bai tsira ba.

Abin da na fahimta daga waɗannan labarai shi ne, haɗarin nan ya fi sauƙin aukuwa a kayan zaƙi, saboda yanayin kayan. Askirim da yogot da donat haɗi ne na sirri da ake yi a masana'anta, dole daga hannun mai suna zai fito, kai mai tsaron taga ne kawai. Shinkafa da kaza kuwa ana iya samunsu a kasuwar garinku. Amma Quiznos ya nuna cewa idan mai suna ya so, ko a kan burodi zai iya tatsarka.

YADDA TA KAYA A NAJERIYA

Mu a nan, sunan da ya koya mana wannan harka shi ne Mr Bigg's na kamfanin UAC. Asalinsa wuraren shan shayi ne a cikin kantunan Kingsway, sai a 1986 aka buɗe na farko da wannan suna a Marina, Legas. Wanda ya yi wayo a shekarun 1990 da farkon 2000 ya san abin da nake faɗa, a kai yaro Mr Bigg's ranar sallah babban abu ne. Rassa suka haura 170, mafi yawansu a hannun 'yan haya. Daga baya aka fara kukan cewa abin da ka ci a wannan reshe ba shi za ka ci a wancan ba, ga sababbin abokan gasa irin su Chicken Republic da ya fito a 2004. A 2013 kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 49 cikin 100 na harkar. Yau ka zaga ka ƙirga rassan da suka rage a garinku. Darasin a nan daban ne: kai kana iya riƙe shagonka tsaf, amma idan mai suna bai tsawata wa sauran rassa ba, ɓarnar wani za ta shafe ka, don suna ɗaya kuke ci.

Manyan sunayen waje kuwa, ya kamata a fahimci yadda suka shigo. KFC ya buɗe a Legas a ƙarshen 2009 ta hannun kamfanin Devyani na Indiya. Domino's da Cold Stone sun shigo a 2012 ta hannun Eat'N'Go. Krispy Kreme ya zo Legas a 2018, Burger King a 2021. Duk waɗannan manyan kamfanoni ne suka karɓi izinin ƙasa baki ɗaya. Don haka idan wani ya turo maka saƙo a WhatsApp wai ka kawo miliyan kaza a ba ka reshen wani shahararren sunan Amurka, tsaya ka bincika a ofishin masu izinin kafin ka tura ko sisi. Kuma duk yarjejeniyar irin wannan da kamfanin waje, sai an yi mata rajista a hukumar NOTAP.

Wani abin lura: ku duba yadda Eat'N'Go ke haɗa fiza da askirim a gini ɗaya a wurare da dama. Haya ɗaya, janareta ɗaya, mai gadi ɗaya. Wanda ya zo cin abinci ya saya wa yara askirim. Darasin da Dairy Queen ya koya a shekarun 1950 ne aka maimaita a Legas.

Kayan sanyin da ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan kuwa bai taɓa dogara da shago mai gilashi ba. Fan Milk, wanda wani ɗan Denmak, Erik Emborg, ya assasa, tun farkon shekarun 1960 yake Ibadan. Keke ne da akwatin sanyi, dila na riƙe da firiza, yara na bin makarantu da tashoshi da farashin da talaka zai iya. Ba hayar suna ba ce kai tsaye, amma ta nuna cewa a wurinmu zaƙi ya fi rayuwa idan shi ya je wurin mutane, da arha.

IDAN A KANO NE KO KADUNA KO SAKKWATO FA?

Mu ɗora duka biyun a sikeli da yanayinmu.

Wuta. Gidan abinci idan an ɗauke wuta, gas na nan, gawayi na nan. Shagon askirim firiza ce ransa, awa 24, ko da kwastoma ko babu. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, dizal kuma ya daɗe da haura naira 1,000. Dare ɗaya janareta ya ƙi tashi a watan Afrilu, kayan wata guda sun narke. Wanda zai yi zaƙi, ya sa kuɗin sola da batir a cikin jari tun farko, ba daga baya ba.

Kaka. Mu ba mu da ƙanƙara amma muna da hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu ka tambayi duk mai sayar da kayan sanyi yadda ciniki yake. Bazara kuwa kakarsa ce. Azumi na taɓa duka biyun: gidan abinci ya rasa cinikin rana na wata guda, mai kayan sanyi kuma ya samu rububi bayan shan ruwa idan azumin ya faɗo a zafi. Tunda watan na zagayawa, lissafin bana ba shi ne na shekara goma masu zuwa ba.

Dala. A tsakiyar 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,400. Duk abin da haɗinsa ke da madarar gari ko cakulan ko kofi na musamman daga waje, farashinsa dala ke bi. Kaza da shinkafa ma sun yi tsada, amma aƙalla da naira ake cinikinsu a Dawanau da 'Yankaba.

Aljihun mutane. Idan rayuwa ta yi tsanani, abin marmari ake fara yankewa. Magidanci zai fasa saya wa yara askirim, ba zai fasa cin rana ba. Sai dai kada mai gidan abinci ya yi murna da wuri, don shi ma mutumin na iya barin kazarka ya koma wurin mai garau-garau ko mai ɗanwake. Abokin gasarka ba reshen da ke tsallaken titi ba ne kawai, har da hajiyar da ke girki a gida tana aikawa da ɗan sahu, ba ta biyan haya ba ta biyan kason kowa. Mai zaƙi shi ma ga mai fura da nono, ga masu yogot na gida da suka cika gari.

Wahala. A nan zaƙi ya yi nasara, ba gardama. Gidan abinci na nufin kuku da masu wanke-wanke da masu miƙa abinci, da cefanen asuba, da abin da ya kwana ya lalace, da abin da ke bin ƙofar baya. Wanda ke aikin ofis yana tunanin zai riƙe gidan abinci ta waya, wallahi ya sake tunani.

Wuri. Shagon zaƙi ya fi dogara da masu wucewa. Mutum na iya tuƙa mota don abinci, amma askirim galibi gani ne ke sa a saya. Da Shoprite ya rufe a Ado Bayero Mall a farkon 2024, duk ƙaramin shagon da ke cin albarkacin masu shigowa sayayya sai da lissafinsa ya canja. Idan za ka kama wuri a inuwar wani, ka tambayi kanka in ya tashi fa.

KAFIN KA SA HANNU

A Amurka, bayan mutane sun sha cuta, tun 1979 gwamnati ta wajabta wa mai suna ya ba ka takardar bayani. A dokar yanzu sai ta kwana 14 a hannunka kafin ka biya ko ka sa hannu, kuma a ciki har da adadin rassan da suka rufe da sunayen waɗanda suka bar harkar. A nan ba wanda zai miƙo maka wannan sai ka nema. To ka nema.

Ka tambaya: kaso nawa ake cira, kuma daga ciniki ne ko daga riba? Kusan kullum daga ciniki ne. Subway alal misali na karɓar kashi 8, da wani 4.5 na talla. A ce ka yi cinikin naira miliyan 10 a wata, miliyan 1 da dubu 250 sun tafi kafin ka biya haya ko albashi ko dizal, ko ka ci riba ko ka faɗi.

Ka tambaya: waɗanne kaya ne dole sai a wurinsu, wa ke yanke farashin, kuma in sun ƙara maka, kana da ikon ƙara wa kwastoma? Ka ɗauki farashinsu ka shiga kasuwa ka gwada.

Ka tambaya: an rubuta cewa ba za a buɗe wani reshe kusa da kai ba? Ba za a kai kayan kantin da ke unguwarku ba? Ka tuna da Carvel.

Ka tambaya: rassa nawa mai sunan ke riƙe da kansa, shekara nawa suka yi, nawa suka rufe? Wanda shagonsa ɗaya ne, bai shekara biyu ba, amma har ya fara sayar da suna, to kai ne cinikinsa.

Sannan ka nemi mutum biyu ko uku da suka taɓa riƙe reshe suka bari, ka zauna da su. Abin da za su gaya maka a awa ɗaya ya fi duk takardar talla. Takardar yarjejeniyar kuma lauya ya karanta, ba ɗan'uwanka da ya iya Turanci ba.

Idan aka matsa mini in zaɓa, ga matsayata. Mai jari mai kauri wanda zai tsaya a shagon da kansa, abinci ya fi masa, don cinikinsa na kullum ne kuma kayansa a gida suke. Mai ƙaramin jari na iya yin zaƙi, amma da sharaɗi uku: wutarsa ta tsaya da ƙafarta, hayarsa ta zama mai sauƙi, kuma ya haɗa da wani abin da ake saye lokacin hunturu, ko shayi ne ko gashi. Kuma a duka biyun, in ka gano cewa mai sunan zai samu kuɗinsa ko shagonka ya yi ciniki ko bai yi ba, ka mayar da biro aljihu. Kuɗin sallamar aiki ko na gado sau ɗaya suke zuwa.

Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya tsare mana abin da muka tara.